Mesar da Karsono Ya Bar Mini

Litinin, 8 ga Janairu, bayan la'asar

Tana nan nannaɗe a lungun kejinta, ta ɗora haɓa a kan jikinta, sai ka ce matar gwamna tana jiran a zo gaisuwa. Na tsaya na kalle ta ta gilashi, ita ma ta kalle ni. Ba mu taɓa shiri ba, ba kuma yau za mu fara ba.

Mesa ce, kada wani ya zaci 'ya nake nufi. Mijina Karsono ya raɗa mata suna Kenanga, sunan fure, ni kuwa da na haifa masa ɗa namiji "Bu", wato uwargida, yake ce mini, daidai yadda mai kawo gawayi yake ce mini. Shekara goma sha ɗaya tana falona. Kejinta ya cinye bangon da mutanen kirki suke jera kujeru. In ta miƙe ta fi ƙofar gida tsawo nesa ba kusa ba.

Tun ranar da ɓarin jikinsa ya shanye aka fitar da shi daga gidan nan a watan jiya ba ta sa komai a cikinta ba. Yana Surabaya wajen ɗanmu Danang, wai can ne kusa da likitoci. Ni aka bari a Lawang da rumfar soto, romon kazar da nake sayarwa, da ruwan sama, da wannan igiyar. So nake ya dawo ya same ta da rai a inda ya bar ta. Ba don ina ƙaunarta ba. Don kada ya ce na kashe masa ita ne, na san bakinsa.

Laraba, 10 ga Janairu, hantsi

Karsono ba ya ba ta abinci a keji. Wai in aka saba mata, duk ranar da aka buɗe ƙofa za ta ɗauka abinci ne ya iso, ta kai wa hannu cafka. Saboda haka sai ya saɓo ta a kafaɗa kamar mai tallan tabarma, ya kai ta banɗaki, ya ba ta kazarta a can, ya ja ƙofa. Kuma ba a taɓa ta sai ta kwana biyu.

Banɗaki ɗaya ne a gidan nan. Duk lokacin da gimbiya ta shiga, ni Sumirah da furfurata nake ɗaukar tawul da sabulu in ƙwanƙwasa wa maƙwabciyata Bu Lastri in roƙi wanka. Ita kuwa ta buɗe da murmushin nan nata ta ce, "Ayya, Bu Mirah, an shigar da 'yar lelen ne? Shigo, shigo, ai gidanki ne." Gidana kam yana can da maciji a ciki.

A kan wannan doka ya raba ƙungiyarsu ta masu kiwon macizai gida biyu. Ƙarti da gemu, a zauna a ƙofar rumfata ana shan kofina a ɓagas, ana tayar da jijiyar wuya a kan inda maciji zai haɗiyi ɓera. Akwai 'yan cikin keji, akwai 'yan wajen keji, kuma ba a ga maciji da juna, su da suke kwana da macizai. Darmo, abokinsa tun na makaranta, Karsono ya kore shi daga nan a kan haka, mutumin ko kofinsa bai shanye ba.

Na taɓa ce masa, "Pak, a dawa wa yake ɗaukarta ya kai ta banɗaki?" Tun azahar yake ba ni amsa har aka kira magariba.

Alhamis, 11 ga Janairu, bayan magariba

Danang ya kira ta bidiyo, ya juya wayar wajen ubansa. An yi masa aski ƙwal-kwabo, kunnuwa duk a waje. Ban dubi bakin ba. Bangon da ke bayansa na duba, fenti kore shar, zaɓin Nuning matar Danang, wadda tun da aka haife ta ba ta taɓa zaɓen abu mai kyau ba in ban da ɗana.

Karsono ya daɗe yana kokawa da kalma. Na tsaya ina jira, har da gyara mayafi, wauta dai irin ta tsufa.

"Nanga," ya ce. "Ta... ci?"

Shekara talatin da huɗu da aure. Na ce, "Ni dai na ci, Pak, na gode da tambaya."

Danang ya ce, "Haba, Bu."

Karsono ya sake cewa, "Ta ci?" har da buga hannun hagu a kan kujera. Na ce za ta ci. Ya ja wata doguwar magana, Danang ya ce bai gane ba. Ni na gane. Banɗaki yake cewa.

Asabar, 13 ga Janairu, azahar

Gembong ya zo, na hannun daman Karsono a ƙungiyar. Mutum ya haura arba'in, tumbi a gaba, gashi har kafaɗa, riga mai hoton kububuwa, amma har yau uwarsa ke masa wanki. Na ba shi kaza ɗaya cikin na rumfa, yankakkiya, da gashinta da komai. Ya saɓi mesar yana nishi, ya kai ta banɗaki, ya miƙa mata da dogon awartakin Karsono. Ta daɗe tana lasar iska, sannan ta cafke. Ya fito yana sharce gumi kamar shi ya haɗiye kazar.

"Shi ke nan, Bu. Sai jibi a taɓa ta."

Na ce, "Sai yanzu dai. Mayar da ita keji."

"Bu, ai Pak Karsono ba ya..."

"Pak Karsono yana nan? Leƙa ƙarƙashin gado ko za ka gan shi."

Ruwa ake tsugawa kamar da bakin ƙwarya. Tun asuba nake tsaye a kan tukunya, jikina duk ƙarnin kaza. Bu Lastri kuma ta ƙaro sabuwar tambaya a kan tsohuwar, yanzu sai ta karkatar da kai ta ce, "Yaya mai jiki?" Ba zan tsaya a tsakar gidanta da tawul a kafaɗa ina amsa wannan ba. Kuma ba na son ganin ƙofar banɗakin nan a rufe. Ranar da ya faɗi ma a rufe take, shi yana ciki, ni ina gidan Lastri, har na tsaya shan shayi.

Gembong ya ce, "Wallahi, Bu, in aka jijjiga ta yanzu zai iya dawo mata."

Na ce, "In ba za ka iya ba ka faɗa mini, in aika a kira Darmo."

Wannan ce ta taɓa shi. Ya ɗauko ta da ƙullutun kaza a tsakiyarta ya mayar. Na yi wankana da ruwan zafi, na daɗe a ciki, ƙofa a buɗe.

Litinin, 15 ga Janairu, asuba

Wari ne ya tashe ni.

Litinin, hantsi

Ban buɗe rumfa ba. Wa zai sha romo a gidan nan yau? Ta amayo kazar ɗungurungum, rabi a narke. Gembong ya zo ya riƙe ta, ni na ɗaure hanci da mayafi na kwashe. Bai ce "ai na faɗa miki" ba. Da ya faɗa da na sami abin yi. Sai ya tsuguna yana shafa ta yana cewa, "Sannu, 'yar gidan Pak, sannu," ƙato da shi, ido ya ciko.

Ya ce amai yana ƙona musu ciki, kada a ba ta komai sai an yi mako biyu. Ya ce in ta sake yin wani a kan wannan, ba lallai ta tashi ba.

Kazar ce ba ta da kyau. Tun bara nake faɗa wa mai kawo mini kaji ya sake gona.

Laraba, 17 ga Janairu, la'asar

Kazar ce.

Juma'a, 19 ga Janairu, bayan an sauko daga masallaci

Kafin Danang ya juya wayar sai da ya yi mini huɗuba. "Bu, in ya tambaya ki ce ta ci. Likita ya ce kada a tayar masa da hankali."

Na ce, "Ban yi wa ubanka ƙarya ba yana tafiya da ƙafarsa, ba zan fara yanzu ba."

Karsono ya tambaya kuwa. Na ce, "Ta ci, ta dawo da shi."

Fuskarsa ta yi ja. Ya yi ta dukan kujera, magana ta taru a baki ta ƙi fita. Danang ya fizge wayar yana ce mini abin da ba a ce wa uwa. Amma kafin ya fizge na ga idon. Yana nan yadda na san shi, zagi ne fal a ciki. Na karanta shi tsaf, har da inda ya ambaci dangina, na kuma mayar masa da martani a zuci ɗaya bayan ɗaya. Rabona da in ji yunwa irin ta yau tun watan jiya, kwano biyu na cinye.

Daga baya Danang ya sake kira, murya ta sauko. "Yaushe za ki zo, Bu? Ba nisa fa." Na ce rumfa ba ta sayar da kanta.

Lahadi, 21 ga Janairu, hantsi

Fata ta fara tattarewa a gefenta, ƙashin baya ya taso kamar kunyar dankali. Ba ta ko ɗaga kai in na wuce. Ba ruwana, lura dai na yi.

Kwan fitilar da ke ɗumama kejin ya mutu. Na je har kasuwa cikin ruwa na sayo wani. Mai shagon ya ce, "Na 'yan tsaki ne, Bu?" Na ce na surukata ne, sanyi take ji.

Ina dawowa Bu Lastri ta tare ni a bakin ƙofa, ta rage murya kamar mai sayar da kayan sata. "Bu Mirah, kada ki ga na shiga abin da ba ruwana. A ƙauyenmu cewa ake dabba tana ɗauke wa mai ita ciwo. In ta tafi, shi sai ya tashi."

Na ce, "A ƙauyenku ai har yanzu ana amsa wa rediyo sallama."

Na shiga na rufe ƙofa. Na daɗe tsaye gaban kejin da kwan fitila a hannu. Ban yi tunanin komai ba. Sannan na ɗaura shi, na kunna.

Talata, 23 ga Janairu, magariba

Ruwa. Ciniki babu. Ba a kira ba.

Laraba, 24 ga Janairu, azahar

Direbobin ƙananan bas ɗin nan da ke cin abinci a wajena sun sami abin yi. Ɗaya ya ɗaga cinyar kaza daga kwano ya ce, "Bu, wannan ta farko ce, ko wadda aka dawo da ita ce?" Suka bushe da dariya har da dukan tebur. Na ce ya ci a hankali, shi ma kwana biyu nake ba shi. Wanda ya fi su hankali ya ce, "Yaya Pak Karsono? Rabon da mu ji ana musu a nan har mun fara kewa." Na ce gishiri yana gabansa in bai ji ba.

Ba a kira ba.

Alhamis, 25 ga Janairu, bayan magariba

An kira. Danang ya ce jikin "ya ɗan sake motsawa" ranar Litinin, sun kwana biyu a asibiti, bai so ya tayar mini da hankali ba. Kowa a dangin nan ya zama mai gadin hankalin wani.

Ya juya wayar. Na riga na tanadi amsa, har da ta tsokana. Bai tambaya ba. Wani abu yake kallo a gefe, talabijin ina jin. Na ce, "Pak, 'yarka tana gaishe ka." Danang ya taɓa kafaɗarsa ya nuna masa wayar, ya dubo, ya koma ga abin da yake kallo.

Barci yake ji. Magungunan nan nasu ko doki aka ba sai ya kwanta.

Lahadi, 28 ga Janairu, la'asar

Mako biyu sun cika. Gembong ya zo da salwa biyu, wai a fara mata da ƙarami. Kafin ya buɗe baki na ce ya bar ta a banɗakin ko kwana uku ne in ya ga dama, na riga na kai bokiti da labule bayan rumfa. Ya dube ni kamar zai yi magana, na dube shi, ya fasa.

Ta ƙi. Tayil ɗin sanyi ƙarara, ta ja jiki ta cusa kai bayan kwamin ruwa. Ya kaɗa mata salwa a hagu, ta juya dama. Ya yi mata rawa da awartaki, ya yi mata kiran baki kamar kyanwa, ya kwanta rub da ciki yana roƙonta, tumbi a kan magudana. Da ina da halin dariya da na yi.

Da ya mayar da ita keji sai ya tsaya yana sosa ƙeya. "Bu, ko in tafi da ita gidana? Ina da wuri. Kafin Pak ya..."

"Kafin ya me?"

"Kafin ya samu sauƙi."

"Uwarka ta san za ka ƙaro mata aiki?"

Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Salwoyin yankakku ne, na soya. Sun yi ta zama a faranti har suka huce.

Alhamis, 1 ga Fabrairu, azahar

Hannun hagu ne, shi ya sa nake iya rubutu.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Na gama figar kajin yau ke nan na lura ruwan shanta ya yi datti. Ban wanke hannu ba. Karsono sai ya saɓa sabulu har gwiwar hannu kafin ya kusanci kejin nan, kamar mai shirin yin tiyata, na kuwa sha yi masa dariya. Na zuge gilashi na miƙa hannu wajen kwanon. Ban ga tahowarta ba. Sai ji na yi an dasa mini ƙusoshi a tsintsiyar hannu, ta kuma fara naɗewa a damtsena.

Ban yi ihu ba. Bu Lastri ta ce har masallaci an ji ni, amma ita ko kaza ce ta yi tari sai ta ce aradu ce. Ta dai shigo a guje, ta suri bokitin ƙanƙarar da nake sa lemo a ciki ta kwara wa mesar a ka, ta kama wutsiya tana warwarewa tana salati. Matar da in ta ga kyankyaso take hawa kujera. Mesar ta saki, Lastri ta tura ta ciki ta rufe. Yanzu dole in yi ta gode mata har in mutu, wannan ya fi mini cizon ciwo.

An yi mini ɗinki a ƙaramin asibiti. Gembong ya same ni a can, yana ta juya hular kwano a hannu. "Abin da mamaki, Bu. Ba a taɓa ba ta abinci a keji ba fa, ko sau ɗaya, amma ga shi ta..." Ya ga inda maganar za ta kai shi.

Na ce, "Ƙarasa mana. Shekara nawa ina barar wanka don kada a ciji hannu a keji?"

Ya ce, "Ai ƙarnin kaza ta ji, Bu."

"To a banɗaki toshe mata hanci kuke yi?"

Juma'a, 2 ga Fabrairu, hantsi

Mai unguwa ya zo da hularsa a karkace, ya zauna ya sha romo kwano biyu, sannan ya tuna jama'a suna da yara, ga kuma mesa mai cizo a unguwa. Bai kai ƙarshen layi ba Danang ya kira. Lastri ta riga ta kai masa rahoto, da ƙari.

"Bu, an gama magana. Gembong yana haɗa keji a gidansa. Asabar ta sama zai zo ya ɗauke ta."

Na ce, "Ba taka ba ce da za ka bayar."

"Bu, Bapak ba zai iya da ita ba ko ya dawo."

Ko ya dawo, in ji shi. Na kashe wayar, tukunyata tana ƙonewa.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai tun jiya. Abin da ya kai wa hannu cafka irin wannan ba mutuwa yake shirin yi ba. Yunwa yake ji.

Asabar, 3 ga Fabrairu, bayan magariba

Ba dabara ba ce, rashin yadda zan yi ne. Da hannu ɗaya ba zan iya ɗaga ta ba, da biyun ma ban taɓa iyawa ba. Gembong kuwa ba zan kira shi ba, yana can yana buga ƙusa a kejin da zai kwashi kayan mutane a ciki.

Na sa mai kaji ya yanka mini ƙaramar kaza da yamma, ya kawo da ɗuminta. Na wanke hannun da ya rage har gwiwa. Na ɗauko awartakin. An ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake, ni kuwa ga macijin kansa a gabana. Na zuge gilashi kaɗan, na ajiye kazar a bakin lungunta, ƙarƙashin fitila, na rufe. Na lulluɓe kejin da zanen gado na tafi na yi salla. Ban san surar da na karanta ba.

Da na idar na ɗaga gefen zanen. Ƙafafun kaza kawai na gani suna shigewa.

Na ce mata, "Munafuka." Sannan na zauna a ƙasa.

Lahadi, 4 ga Fabrairu, hantsi

Ban taɓa kejin ba. Rediyo a kashe. Lastri ta shigo duba hannu da muryarta ta mai shela, na sa ta koma waje ta shigo da wata.

Talata, 6 ga Fabrairu, asuba

Na zagaye falo ina shinshina kamar karen farauta. Ba wari.

Alhamis, 8 ga Fabrairu, hantsi

Ta yi kashi. Ni Sumirah na tsaya gaban kashin maciji ina hamdala, Allah ya sa ba wanda ya gan ni. Ta kuma fito daga lungu, ta zagaye kejin tana laluben gilashi da hanci, tana neman ƙari, marar kunya.

Gobe zan je Surabaya. Rumfa ta sayar da kanta in ta iya. Na jera maganata tun daga tawul na farko har zuwa kofin Darmo. Na san abin da zai ce in bakin ya bari: sa'a ce, sau ɗaya ba hujja ba ne, jira ki gani. In bakin bai bari ba zai daki kujera, Danang ya yi ta ihun likita ya ce. Na tanadi amsar kowanne. Kuma in ya ji ana shirin ba Gembong 'yarsa, Surabaya ba za ta zaunu ba.

Zan tafi masa da soto. Na tsince ƙashin tas.

Juma'a, 9 ga Fabrairu, la'asar, a motar dawowa

Nuning ce ta buɗe mini, baki har kunne. "Bu, zo ki ga yadda ya samu sauƙi. Yanzu ba ya wahalar da kowa. Duk abin da aka ba shi ci yake."

Yana zaune a keken guragu a bakin taga, cikin rigar da ba tasa ba, an ɗaura masa tawul a wuya. Wannan karon na dubi bakin.

Na ja kujera na zauna gabansa, na ɗaga masa bandeji. "Pak, ka ga aikin 'yarka." Ya duba. Na ce, "Ta ci. Ka san a ina ta ci? A keji. Cikin keji, Pak, a lungunta, kuma bai dawo ba. A banza ka yi ta kora ni gidan Lastri. A banza ka kori Darmo. 'Yan cikin keji ne da gaskiya."

Na gyara zama ina jira.

Ya dube ni, ya yi murmushi da ɓangaren da ke yi, ya ce, "To."

Sarai ta fito, ba kokawa.

Na ce, "Ka ji ni kuwa? Cewa na yi kai ne ba ka da gaskiya."

"To."

Danang ya tsuguna kusa da shi, ya ɗaga murya kamar mai magana da yaro. "Bapak, gobe Gembong zai zo ya tafi da Kenanga. Ka yarda?"

Murmushin nan dai. "To."

Danang ya miƙe ya ce, "Kin ji da kunnenki, Bu."

Na ji. Na ce masa ƙungiyarsu ta 'yan zaman kashe wando ce. Na ce sunan fure a kan igiya hauka ne. Na ce uwarsa, Allah ya jiƙanta, ba ta iya dafa ko shinkafa ba. Nuning ta fice daga ɗakin. Shi kuwa sai gyaɗa kai yake. Na matsa kusa na nemi idon nan, na leƙa har ciki. Ba zagi, ba komai, sai ladabi irin wanda ake yi wa baƙuwa.

Na so ya daki kujerar nan. Wallahi na so. Ban san akwai abin da zan so haka a duniya ba.

Na ba shi soton a baki, ya shanye tas, bai ce gishiri ya yi yawa ba. Kuma ya yi yawa, na ɗanɗana.

Asabar, 10 ga Fabrairu, hantsi

Gembong ya zo da a-kori-kura da ƙaton buhu. Na tare ƙofa.

"Bu, Mas Danang ya ce Pak ya amince."

"Wane Pak?"

"Pak Karsono mana. Ya ce a gabanki ya ce to."

Na ce, "Kai da ka tsufa kana shan kofi a ƙofar nan, ka taɓa jin Karsono ya ce wa wani to?"

Ya dubi buhun da ke hannunsa.

Na ce, "Mai ita bai ce a bayar ba. In ya dawo ka tambaye shi."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya naɗe buhun a hankali, ya share ido da shi, sakarai, buhun macizai. Bai tambaye ni yaushe ba.